Hoton Auren Lineo

Na rantse muku, iskar da ke kan dutsen nan ranar auren Lineo, 'yar kawuna, za ta iya ɗauke saniya har da ɗan maraƙinta. Mai hoto, wani siririn bawan Allah daga birnin Maseru, ya tsayar da amaryar bakin kwari yana neman haske, amma bargon da dangin ango suka yafa mata sai tashi yake yana rufe mata fuska. Ya kai hannu ƙirjinta zai gyara allurar da aka maƙale bargon da ita.

Ban ga tahowar ango Motlatsi ba. Saukar sandarsa kawai na ji a kan mutumin, ƙau! Har tumakin ƙasan kwari sai da suka ɗago kai. Jini ya wanke masa fuska, kyamara ta yi gefe.

"Matata za ka taɓa, ɗan iska?"

Lineo ta dubi jinin, ta dubi sandar, sannan ta daɗe tana duban mijin da ta zaɓa da kanta.

"Haba masoyiya," ya sassauta murya, "saboda ke fa na yi."

"Na gani. Ran da babu mai hoto kusa, kan wa za ta sauka?"



Ta zare allurar a hankali, ta cire bargon dangin angon, ta naɗe wa mai hoto kansa da shi. Ta tsinci kyamarar ta miƙo mini.

"Kai, sarkin surutu, ɗauki angon nan hoto yadda yake."

Hoton auren ke nan kaf. Ko kan angon ban samo ba. Sandar ce kawai ta fito, tar.