Tikitin Mutum Biyu

Ɗan hutu suka zo yi a wurin wasanni, shi da Malama, matarsa ta shekara goma sha tara. Sun zaɓi Talata don gudun cunkoso, suka ce babban lilon nan mai juyawa a hankali ya ishe su.

A bakin ƙofa mai sayar da tikiti ta tambaya, "Yara nawa?"

"Allah bai ba ni ba," in ji Malama, tana murmushi.

Bai ba ni ba. Ba ta taɓa cewa bai ba mu ba. Kalmar ta bi shi har kujerar lilon. Suna kaiwa ƙololuwa lilon ya tsaya.

"Malama."

"Na'am, Maigida. Tsoro ne? Ji yadda ka riƙe ƙarfe kamar za a ƙwace."

"Takardar asibitin nan ta gwajin haihuwa ba ɓata ta yi ba. Matsalar daga gare ni take. Ina ji ina gani na bar yayata tana yi miki gori."

Ta daɗe tana kallon rufin gidaje can ƙasa.

"Wa ke wanke maka riguna?" ta ce a hankali. "A aljihu na gan ta. Shekara goma sha ɗaya nake jiran in ji daga bakinka."

"Ki yafe mini. Muna sauka zan kira Yaya."

Ta ciro wayarsa daga jakarta, ta ɗora masa a cinya.

"Akwai sabis a nan ma."