Duk Kuɗin Aiki Ne

Wendell ya juye kwalin takalmi a kan teburin Corinne, rasidai suka watse har ƙasa. Lokacin biyan haraji ya ƙarato, kuma shagon hotonsa da ke birnin Milwaukee na Amurka ba shi da mai haɗa masa lissafi sai ita.

"Duk ki saka su a kuɗin aiki don harajin ya ragu," in ji shi. "Gwamnati ba uwata ba ce."

Corinne ta ɗaga rasidi ɗaya. "Man gyaran gemu?"

"Amare ba sa yi wa ƙazamin mai hoto murmushi."

"Sannu da dabara. Wannan tulin na gidajen cin abinci fa?"

"Ganawa da akanta. Ai na rubuta a bayansu."

"Kowace Asabar? Har da furanni? Lallai kana son lissafi."

Wendell ya yi dariya, yana jin kansa gwani. Ta zaro rasidin ƙarshe, ta karanta.

"Zoben lu'ulu'u, dala dubu huɗu. Ka rubuta wai kayan adon ɗaukar hoto."

"Haba masoyiya, takarda ce kawai! Wa zai sani?"

"Ni. Kuma ba na sa hannu a kan ƙarya."

Ta zare zoben baikonsu daga yatsanta, ta jefa cikin kwalin.

"Ga kayan shago nan, mayar. Yanzu takardar ta zama gaskiya. Ranakun Asabar kuwa, tunda duk aiki ne, dala casa'in nake karɓa a awa. Shekara biyu ke nan, ranka ya daɗe."