Baƙin Lallen Kulu

Khairiyya 'yar Sakkwato ce, kuma kafin mijinta Tahir ya kawo ta Sudan, ko Gusau ba ta taɓa wucewa ba. Shi Tahir haifaffen wani ƙauyen Hausawa ne a bakin kogi, kudu da Sinja. Fatauci ya kai shi Sakkwato har ya aure ta. Da mahaifinsa ya rasu sai ya kwaso ta da 'yarsu Kulu suka dawo, don ya riƙe gonar gida.

Ta zo da ƙarfin gwiwa, tunda an ce mata can ma Hausawa ne. Hausawan ne kuwa, amma rabin zancensu Larabci, abincin ma ba irin wanda ta saba ba. Kisra ake ci, wata waina ta dawa mai siranta kamar takarda. Ranar farko da ta gwada yi, tata ta fito da kauri kamar masa.

Mutanen gidan ba mugaye ba ne, wallahi. Uwar miji ta bar mata ɗaki mai inuwa, Malak ƙanwar Tahir ta ba ta lafaya sabuwa. Aibinsu ɗaya: dariya. Duk abin da Khairiyya ta tambaya, kafin la'asar ya zama abin hira a wajen shan jabana, inda matan unguwa ke taruwa kan gahawa.

"Ya jama'a, ku ji matar yaya!" in ji Malak, tana riƙe ciki. "Wai tambaya ta mi ake yi da itaccen turaren dukhan, ko na girki na!"

Sai a kwashe da dariya. Khairiyya takan yi murmushi ita ma, ta shiga ɗaki ta share hawaye. Tun tana tambaya har ta daina. Ta koma kallo da ido, ta kwaikwaya, in ta ɓata ta ɓoye.

Kulu kuwa, 'yar shekara huɗu, bakinta ba ya hutawa. "Habboba, mi wanga?" haka take bin kakarta da tambaya daga safe har yamma. Kafin damina, har ta kama Larabci, ita ke raka uwarta shago tana yi mata bayani. Muryar yarinyar nan ita ce abin da ke ɗebe wa Khairiyya kewar gida.

Sai bikin maƙwabta ya matso. Khairiyya ta ga lallen matan gari baƙi wuluk, nata kuwa ja ne irin na gida, an ma taɓa yi masa dariya. Ta lura suna zuba wani baƙin gari a ciki, sibga suke ce masa. Ta buɗe baki za ta tambayi Malak yadda ake haɗawa, sai ta tuna wajen jabana, ta haɗiye maganar. Ranar kasuwar Sinja ta nuna shi da yatsa ta saya, ta ƙulle a bakin mayafi.

Abin da ba ta sani ba, kowace mace a ƙauyen ta san shi tun tana yarinya: sibga guba ce. A saman rufi ake ɓoye ta, kuma ba a bari ta kusanci yaro.

Da hantsi, mata sun tafi taya aikin biki, Khairiyya ta kwaɓa lalle ta zuba garin da yawa don ya kama sosai.

"Inna, ni ma ki yi mani irin na Malak," in ji Kulu.

Ta zaunar da ita a cinya, ta zana mata furanni a tafin hannu da kan yatsu, tana yi mata waƙa. A ranta tana cewa yau dai ba wanda zai yi wa 'yarta dariya. Ta tashi duba tukunya, Kulu ta sa yatsa a baki kamar yadda ta saba in barci ya zo mata.

Kafin azahar harshen yarinyar ya kumbura, wuyanta ya cika, numfashi yana fita da ƙyar. Ihun Khairiyya ya tara unguwa. Uwar miji na ganin baƙin lalle a leɓen jikarta ta ɗora hannu a ka tana salati. Aka kira Tahir daga gona, aka sa Kulu a mota sai asibiti.

Sai da likita ya huda maƙogwaronta ya sa bututu kafin ta samu numfashi. Ya ce rai ya tsira, amma murya sai abin da Allah Ya yi.

A barandar asibiti Malak ta durƙusa gaban Khairiyya tana kuka.

"Haram alaiki, ba ki kyauta ba, matar yaya! Don mi ba ki tambaye ni ba? Kalma guda da na hana ki!"

Khairiyya ta dube ta ba tare da fushi ba. "Na so in tambaya, Malak. Dariyar ce na ji tsoro."

Malak ta kifa kai a cinyar Khairiyya.

Kulu ta dawo gida. Har yanzu tana bin mutane tana son sanin komai, sai dai da yatsa take nunawa. Duk abin da ta nuna, Malak kan tsuguna ta faɗa mata sunansa da amfaninsa, ta ɗaga murya yadda uwar ma za ta ji. Ba wanda ya sake yin dariya a gidan, amma Khairiyya har yau tana jiran ranar da za ta sake jin "mi wanga?"

'Yan'uwa, baƙon da ya shigo cikinmu bai san abin da muka tashi muka tarar ba. In ya yi tambaya mu amsa masa da mutunci, domin ranar da dariyarmu ta rufe masa baki, abin da zai biyo baya da hannunmu a ciki.