Kwatami Biyu a Masana'antar Wankin Ƙarfe

Tunda an ba ka aikin duba masana'antu, zauna ka ji wannan kafin ka sa hannu a takardar kowa.

An yi wani mai masana'anta da ke yi wa ƙarafan babur wanki da sinadarin kuromiyam don su riƙa ƙyalli. Ruwan da ke fita daga wurinsa rawaya ne shar, dafi ne kuma, yana gangarawa rafin da masu lambu ke ban ruwa. Wata malamar kimiyya ta zo masa da gari a leda, wanda ta tace daga majinar ciyawar teku. A gabansa ta tsamama ruwan nan kaɗan, ta zuba garin, ta juya. Kafin la'asar rawayan ya koma kore, dafin ya karye, ya kama jikin garin ya kwanta a ƙasa. Ta ce masa, "Alhaji, duk ruwan da zai fita a yi masa haka, a kwashe laka a killace." Ya yi godiya har da rakiya bakin ƙofa.

Ka san abin da azzalumin nan ya yi? Ya gina ɗan kwatami a gaban ofis, ya shafe shi da farin fenti, a nan kaɗai ake zuba garin. Sauran ruwan kuwa ya binne masa bututu ta bayan katanga, yana kwarara rafi da dafinsa. Masu dubawa su zo, su leƙa kore, su sha lemo, su yaba. Ba wanda ya taɓa zagayawa baya, ko ɗaya! Can ƙasa kuma ƙafafun masu lambu sun ɗauki gyambon da ba ya warkewa, awaki na zubar da ciki, wata mai wanki fatar hannunta ta saɓule har ba ta iya ɗaukar jaririnta. Mutumin nan ya san maganin, yana ajiye a ɗakinsa buhu-buhu.

Shekara biyu ana haka, sai wani mai lambu wanda ɗan'uwansa ya rasa ƙafa ya bi rafin da fartanya, yana tono har ya ci karo da bututun. Ya fasa shi da rana tsaka, rawayan ya malale a titi kowa ya gani. Aka rufe masana'antar, amma ƙafar da aka yanke ba ta dawo ba.

Kai dai in ka je, ka zagaya bayan katanga. Hausawa sun ce, ramin ƙarya ƙurarre ne.