Manomin da Ya Ƙi Ɗorin Bahago

Malam Barau, ka ce ka ci karo da wata magana ta Turawa a jarida, inda suke kiran wata irin ƙiyayya makauniya, kana so ka san inda ake sa ta. To, ba a faɗin ta ga wanda aka cuta ya yi fushi, domin shi ya ga abin da aka yi masa. Ana faɗin ta ne ga wanda ya yanke hukunci tun bai duba ba, kuma ko an nuna masa ba zai duba ba. Gyara zama in ba ka misali.

An yi wani manomi da Allah ya ɗora wa ƙin bahago. Bahago bai taɓa cin gonarsa ba, bai taɓa zagin iyayensa ba. Abin da ya riƙe kawai shi ne hannun hagu ba ya albarka, haka ya taso ya ji ana faɗi. Katanga ɗaya ce tsakaninsa da wani maɗori bahago, wanda duk ƙasar ta san hannunsa: mutum ne, ɗan maraƙi ne, in ya jera kara ya ɗaure ƙashi, sai dai a zo kwancewa da godiya. Wata rana da kaka manomin ya hau gyaran rufin rumbu, tsani ya goce, ya faɗo, ƙaurinsa ya karye. Tun ƙarar faɗuwar ba ta gama shiga unguwa ba maɗorin ya iso da karansa da tsummansa, ya durƙusa zai kama ƙafar. Manomin, yana gumi yana cije leɓe, ya janye ta ya ce, "Hannun hagu ba zai taɓa ni ba." Matarsa ta yi kuka, ƙannensa suka roƙe shi, liman ma ya sa baki, amma ina! Dole aka ɗora shi a amalanken shanu zuwa wani gari mai nisan yini guda, wurin maɗori mai hannun dama. Hanya duk gargada, kowane rami sai ƙashin ya motsa. Kafin su isa ƙafar ta kumbura ta yi suntum, mutumin can ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ya ɗora a kan kumburi. Da aka kwance, ƙafa ta haɗe a karkace, ta gajarce.

Nan ne abin yake ba ni haushi. Da damina ta faɗi, manomin bai iya bin kunya da garma ba, gero ya fara shaƙewa da ciyawa. Maƙwabcin nan bahago ya tara mutane gayya, shi ne a gaba, suka nome gonar tas kafin azahar. Kai da kanka za ka ce yau ido ya buɗe. Manomin ya ɗingiso da sandarsa, ya bi kunya-kunya yana dubawa, bai sami ko tsinken ciyawa ba. Sai ya tsaya ya ce wa ƙaninsa a nuna masa kunyoyin da bahagon ya noma, domin hatsinsu ba zai shiga rumbunsa ba. Kuma har ya tsufa, duk wanda ya tambaye shi labarin ƙafarsa, cewa yake yi tun da bahago ya miƙo hannu gare ta ya san ba za ta yi daidai ba.

Ka ga makantar da Turawan suke nufi, Malam Barau. Idonsa biyu garau, ƙafarsa ce ta biya. Mu ma Hausawa mun riga mun san irinsa, shi ya sa muke cewa wanda ba ya ƙaunarka, ko ruwa ka shiga sai ya ce ka ta da ƙura.