Makarantar Bayan Layi

"Ba zan zauna a unguwar nan ba," in ji matar, tana mayar wa dillali makullin gidan.

Mijinta ya sake duban layin. Ga kwalta, ga inuwar bishiyoyi, ga famfo ba ya ɗaukewa. Gidan ya kwanta masa a rai.

"Haba Maman Biyu, me kuma ya rage?"

"Makarantar gwamnatin da ke bayan layin nan. Yara tamanin a aji ɗaya, malamai na can suna hira. Duk wanda ya kai ɗansa can zubar da shi ya yi. Ko ɗaya a cikinsu ba zai zama wani abu ba."

Dillali ya yi murmushin yaƙe. "Hajiya, 'yata ma can take. Kullum cikin yabon malamarsu take."

"To Allah ya ba ka haƙuri. Ka fara nema mata sana'a tun yanzu."

Sai ga wata yarinya da kayan makaranta ta kawo wa dillalin abincin rana. Tana ganin matar ta durƙusa, bakinta har kunne.

"Ina wuni, Malama. Baba, ai ita ce. Ita ce ta ce min zan zama likita."