Telan da Ya Kulle Albasa a Ɗaki

To, tunda na ga jikinka har rawa yake yi a kan wannan sabuwar sana'a, gyara zama ka ji misalin wani tela.

Shagonsa yana kallon kasuwar albasa, don haka ƙafarsa na kan keken ɗinki, idonsa na kan titi. Kowace bazara yana ganin manoma suna sauke albasa tuli-tuli, da araha kamar a ce zo ka ɗiba. 'Yan kasuwa su saye, su kwashe. In damina ta yi nisa sai ga albasar nan ta dawo da tsada, har uwargida ta raba ƙwaya ɗaya ta yi miya biyu da ita. Masu ajiyar kuwa, wannan ya canja babur, wancan ya ɗaga katanga, wani ma ka ji ya biya kujerar Makka. Wata rana yana cikin kafa aljihun riga sai abin ya faɗo masa. Ashe duk sirrin bai wuce ka saya da araha, ka ajiye, ka sayar da tsada ba! Ya yi ta dariya shi kaɗai har allura ta soke shi bai ji ba. Shekara da shekaru yana lanƙwashe a kan keke, baya na ciwo, masu kaya na yi masa tsiya a kan saɓa alkawari, alhali arziki na wucewa ta ƙofar shagonsa kullum!

Ba shi da wani jari sai keken nan, kuma da shi yake ciyar da iyalinsa. Ya rufe ido ya sayar, ya haɗa da teburin yanka da dutsen guga, ya zuba kuɗin kaf a albasa, ko na cefanen gobe bai ware ba. Ga shi maƙwabcinsa na jikin katanga tsohon mai ajiyar albasa ne, sahu ɗaya suke tsayawa a masallaci. Tambaya ɗaya ta isa. Amma tela ya ce a'a, bakin mutane ba shi da kyau, abin da bai nuna ba ba a buɗe shi. Ya sha ganin masu ajiya sun zuba tasu a rudu, wato rumfar kara da ciyawa da ake ɗagawa daga ƙasa, iska na ratsa ta ta ko'ina, sai ya ɗauka rowa ce ta hana su gina ɗaki. Shi zai nuna musu yadda ake adana dukiya. Ya ɗura tasa a buhunan taki, ya ɗinke bakinsu ɗinki na gwani, ya jera su har sama a ɗakin siminti mai rufin kwano. Taga ya cusa mata ƙyallaye don kada wani ido ya leƙa. Ƙofa ya danna mata kwado.

Daga nan fa tafiyarsa ta canja. Duk ranar kasuwa sai ya zagaya ya ji farashi, in aka ce albasa ta ƙara tashi, sai ya hau lissafin riba. Ya taya babur, ya taya fili, har sunan da za a rubuta a allon sabon shagonsa ya zaɓa. Da matarsa ta ce, "Maigida, ni fa wani wari nake ji daga ɗakin nan," sai ya gyara hula ya ce, "Ƙamshin arziki ne, hancinki ne bai saba ba." Bawan Allah bai san cewa masu rudu ba zuba albasa suke yi su tafi barci ba. Sai ta sha iska ta bushe kafin a ajiye ta, kuma a kai a kai suna zuwa su juya ta, su tsince wadda ta fara laushi tun ba ta shafi 'yan uwanta ba.

Ranar da farashi ya kai inda yake so, ya saka babbar riga, ya kira dillali, ya ɗauko shatar mota. Yana buɗe ƙofa wani zafi da ɗoyi suka doke su. Buhuna sun zauna, baƙin ruwa na bin ƙasa, ƙudaje sun tashi buu. Dillali ya toshe hanci da gefen rigarsa ya ja da baya. Tela ya farke buhu ɗaya, ya farke na biyu, hannunsa na nutsewa kamar a cikin kunu. Maƙwabcin, da wari ya fito da shi, ya leƙa ya ce, "Haba maƙwabci, albasa ai numfashi take yi. Me ya hana ka yi mini magana?" Motar da aka ɗauko don kasuwa, juji ta nufa da kayan.

Abin da ya fi ban tausayi, Sallah ta ƙarato, lokacin da kowane tela ke ture aiki saboda yawa. Tsofaffin masu kawo masa ɗinki suka riƙa zuwa da yadi a hammata, su tarar da shago wayam, su wuce gaba. Shi kuwa yana can a shagon wani, a kan benci, yana saka maɓalli da hannu ana biyansa lada.

Ya ga saye, ya ga sayarwa, abin da ke tsakani ne bai taɓa gani ba, kuma nan sana'ar take. Shi ya sa Hausawa suka ce, hangen Dala ba shiga birni ba ne.